Unguwarmu za ta koma ɗumama ruwan wanka da sola: kuɗin zai fita?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a Funtuwa, gidaje wajen 40. Duk hunturu ruwan wanka yana gallabar mu. Masu mita suna kuka da hita, masu murhu suna kuka da tsadar itace, gas kuwa ba a magana. Wani mai sayar da kayan sola ya ce idan muka haɗa kai zai sa wa kowane gida na'urar ɗumama ruwa da hasken rana, ya yi mana ragi. Wani ɗanmu da ke karatu a waje kuma ya ce a can an koma wata na'ura mai cin wuta kaɗan. Wacce ta fi dacewa da mu, kuma kuɗin zai fita?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Idan na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: wace na'ura ce ta dace da garinku, sannan ko ya kamata duka gidajen su shiga lokaci guda. Ta farko ba ta da wuya. A inda rana ta wadata, wuta kuma ba ta da tabbas, na'urar sola mai ɗumama ruwa kai tsaye ita ce ta fi. Ta biyu kuwa amsata a'a ce. Cikin gidaje 40 ɗin nan akwai waɗanda za su more ta shekara da shekaru, akwai kuma waɗanda za su ɗora kuɗinsu a kan rufi, hunturu na biyu ya same su suna hura murhu. Abin da ke raba su shi ne yawan ruwan zafin da gida ke buƙata, da tabbacin ruwa a tankin sama, da kuma ko zafin zai kwana har asuba. A kan waɗannan zan fi tsayawa, domin su ne mai sayarwa ba ya kawowa a zance.

Nawa ne kuɗin bokiti ɗaya?

Ruwa yana da hali guda da ba ya canzawa. Kafin lita ɗaya ta ƙara zafin digiri ɗaya sai ta sha makamashi wat-awa 1.16, ko da itace aka dafa ta, ko gas, ko lantarki. Ruwan da ya kwana a tanki a watan Janairu a yankinku yakan wayi gari a wajen digiri 18, wani lokaci ƙasa da haka, ruwan wanka mai daɗi kuma wajen digiri 40 ne. Saboda haka bokiti mai lita 20 yana cin wat-awa wajen 500, wato rabin yunit na mita, tunda yunit ɗaya wat-awa 1,000 ne. Ka riƙe wannan adadin, da shi za ka auna kowace shawara aka kawo muku.

Gidan da ke ɗumama bokiti 10 a rana yana cin yunit 5. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin masu rukunin A (Band A, waɗanda aka ware wa wuta mafi yawan awanni) zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage ya tsaya a 200 da 'yan kai. Irin wannan gida, in yana rukunin A, yana biyan sama da naira 1,000 kullum a kan ruwan wanka kaɗai. In kuma hitar bango ce aka bari a kunne dare da rana, a ƙara mata yunit ɗaya ko fiye, wanda ke tsiyayewa ta jikinta ba wanda ya amfana. Wanda ke ƙananan rukunai yana biyan kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan kuɗin, sai dai shi matsalarsa wutar ba ta nan a lokacin da yake so. Wanda ba shi da mita, ake kawo masa takardar ƙiyasi, ya sani tun yanzu: ko ya cire hitar ya jefar, takardar ba za ta ragu don haka ba.

Murhu mai duwatsu uku ya fi kowa ɓarna. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ne ke shiga tukunya, sauran iska ke kwashewa, balle a tsakar gida da hunturu na kaɗawa. Bokiti ɗaya yakan ci kusan kilo ɗaya na busasshen itace. Gas kuma, tukunya mai kilo 12.5 za ta ɗumama bokiti wajen 150 in ba a yi girki da ita ba. Kai ka san farashin itace da gas a kasuwarku yau, sai ka buga lissafin.

Ga inda mutane ke ruɗuwa. A ƙasashen sanyi ana ɗumama ruwa wata 12, shi ya sa na'urar ke rage musu kuɗi duk shekara. Mu sanyinmu daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ne, a ce kwana 100, sai 'yan kwanakin marka a Agusta. Daga Maris zuwa Mayu ruwan tankin sama da kansa sai an bar shi ya huce. Gidan can mai bokiti 10 a rukunin A zai tsira da naira 100,000 da wani abu a shekara. Ka ɗauki farashin da mai sayarwa ya ba ku, ka haɗa da kuɗin ƙarfen da za a ɗora ta, da bututu, da aikin hannu, ka raba da abin da gidan ke kashewa a shekara. Abin da ya fito shi ne shekarun da za a yi kafin kuɗi ya dawo. In ya wuce shekara 6 ko 7, ni ba na ba da shawarar a saya don tattali, sai dai don jin daɗi, wanda shi ma dalili ne in mutum yana da hali. Babban gida mai iyalai da yawa, gidan da ke da tsofaffi masu son ruwan ɗumi ko da bazara, makarantar kwana, masallacin Juma'a, ɗakin haihuwa, waɗannan lissafinsu yana fita da sauri. Ango da amarya masu bokiti 2 kuwa su ci gaba da butar lantarki ko gas, ba su yi asara ba.

Yadda na'urar take aiki

Na'urar sola ba ta da injin tura ruwa, ba ta da batir. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, don haka idan rana ta gasa shi a ƙasa sai ya hau tankin da ke kwance a sama, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, haka yake kewayawa har la'asar. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai akwati shimfiɗaɗɗe, da baƙin faranti da bututun jan ƙarfe a ciki, gilashi a sama. Akwai mai dogayen bututun gilashi da aka jera, wadda ita ce ta fi yawa a shagunan Kano da Kaduna saboda ta fi araha. Kowane bututu gilashi biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu kamar fulas ɗin shayi, zafi ya shiga ba ya samun hanyar fita. Tsawonsa yawanci mita 1.8, kuma akan ƙiyasta lita 10 ga kowane bututu, wato mai bututu 20 tankinta lita 200 ne.

Kuma ba baƙon abu ba ne a Arewa. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo tun shekarun 1980 take aiki a kan irin waɗannan na'urori. Mai akwatin nan ma ƙwararren mai walda zai iya haɗa ta in ya samu wanda zai nuna masa, kuma ta fi jure jifan yara da ƙanƙara.

A yankinku kowace murabba'in mita tana samun hasken rana da ya kai yunit 5.5 zuwa 6 a rana in aka ɗauki matsakaicin shekara. Na'urar tana kama kusan rabi. Mai bututu 20 tana da faɗin da ya kusa murabba'in mita 2, don haka tana ba da yunit 5 zuwa 6, daidai buƙatar gida mai bokiti 10. Kada a sayar wa gida mai mutum 6 mai lita 300 da sunan "gara ta yi yawa". Ƙarin kuɗi ne, ƙarin nauyi, kuma da bazara tafasa za ta riƙa yi.

Kudu za ta fuskanta. A ƙarshen Disamba, da tsakar rana, rana a Funtuwa ba ta tsayawa a tsakiyar kai, tana karkata kudu, tsayinta wajen digiri 55 daga ƙasa. Tunda a wannan lokacin kuke buƙatarta, a jingine ta digiri 25 zuwa 30. Masu sa farantin sola na lantarki sun saba kwantar da nasu sosai, kuma da yawansu haka suke yi wa wannan. A tsaya a wurin da hantsi da kuma bayan azahar a duba inuwa, ta darbejiya ko ta hasumiyar tanki, domin inuwar Disamba ta fi ta Yuni tsawo ta wajen arewa.

Ruwa, tsayi, da nauyi

Mafi yawan na'urorin da ake kira na in duba, ba rana ce ta gaza ba. An taɓa kira na wani gida da sumo ɗinsu, wato injin jan ruwa daga rijiyar burtsatse, ta tsaya kwana da kwanaki a watan Afrilu. Tankin sama ya ƙafe, mutanen gida suka ci gaba da buɗe famfo har na'urar ta zama wayam. Bututun gilashi in babu ruwa a ciki, rana ta same shi, zafinsa yana haura digiri 200. Ranar da aka gyara sumo, wuta ta zo da azahar, yaro ya kunna, ruwan sanyi ya gangaro cikin gilashin da ya gasu. Maigidan ya ce yana zaure ya ji tas, tas, tas a jere, kafin ya fito ruwa na zuba daga rufi. Na sami bututu sun tsage tun daga baki, wasu gindinsu ya fita fit. A irin wannan na'ura bututu ɗaya ya fashe, tanki duka sai ya tsiyaye ta nan. Dokar ita ce: in ta ƙafe, ba a sa mata ruwa sai da dare ko da sassafe kafin rana ta fito. A rubuta a manna kusa da makunnin sumo, kowa ya gani. Gidan da ruwansu yau akwai gobe babu, su nemi mai akwati, ko irin da ruwa ba ya shiga cikin gilashin, wadda sandar jan ƙarfe ke ɗaukar zafin zuwa tanki. Ta fi tsada, amma ko bututu ya fashe ruwa ba ya zuba.

Sai tsayi. Tankin sama dole ya fi tankin sola tsayi don ruwa ya gangaro masa, shi kuma tankin sola ya fi famfon banɗaki tsayi. Hasumiyoyi da yawa a unguwanninmu da ƙyar suke wuce kan kwano. In aka ɗora sola a kan rufi sai ta yi kafaɗa da tankin, ruwa ya ƙi shiga in tankin ya yi rabi. Wani lokaci ƙara wa hasumiya tsayi shi ne kuɗin da ba a sa a lissafi ba.

Nauyi kuma, lita 200 kilo 200 ne, ga ruwan cikin bututu, ga tankin, ga ƙafafunta, an doshi kilo 300. Rufin kwano da aka ɗaura a kan siraran katako ba zai ɗauka ba, ko ya ɗauka bana sai ya lanƙwashe baɗi. A yi mata nata ƙarfe daga ƙasa, ko a ɗora a kan rufin kankare, a ɗaure ta da kusoshi masu kyau saboda guguwar farkon damina.

Bututun da zai ɗauki ruwan zafi kada ya zama PVC na ruwan sanyi, domin yana fara laushi daga wajen digiri 60. A sa bututun roba na ruwan zafi da ake kira PPR, a naɗe shi da soso mai riƙe zafi, a rufe soson da wani abu don rana na cinye shi. A kuma rage nisa tsakanin na'ura da banɗaki. Duk ruwan da ya kwana a dogon bututu sai an zubar da shi kafin mai zafi ya iso, ga mai sayen ruwa kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Zafin zai kai asuba?

Nan ne zuciyar maganar. Rana tana aikinta daga hantsi zuwa la'asar, mu kuwa buƙatarmu ta fi yawa kafin fitowarta: alwalar asuba, mai wankan tsarki, yara 'yan makaranta. Ruwan sai ya yi awa 12 ko fiye a tanki cikin iskar hunturu. Don haka ni in zan sayi na'ura, tankin nake fara dubawa kafin gilashi. Tsakanin bangon ciki da na waje akwai kumfa mai riƙe zafi, kaurinsa ya kamata ya kai santimita 5. Bangon ciki ya zama na ƙarfe mara tsatsa mai lamba 304. Akwai mai lamba 201 da ido ba ya bambanta su, amma ruwan zafi yana huda shi da wuri, yawanci ta wajen walda. Araha ba ta ado.

Gwajin da nake yi ba ya buƙatar komai sai ma'aunin zafi na kasuwa. A auna ruwan da magariba, a rufe duk famfo, a sake aunawa da asuba. In ya sauka da digiri 8 zuwa 10 ko ƙasa da haka, tankin ya yi. In ya faɗi da 20, a kira mai sayarwa. Lita 150 mai digiri 60, in aka sirka da ruwa mai digiri 18, tana ba da bokiti wajen 14 na wanka.

Akwai wata ɓarna da tanki mai kyau ma ba ya hanawa. Idan aka yi wanka da yamma, na'urar tana cika kanta da ruwan sanyi, ya sirka wanda aka tanada don safe, rana kuma ta riga ta faɗi. Gidajen da suka gane suna rufe bawul ɗin shigar ruwa da la'asar, su buɗe bayan an gama wankan safe, kafin rana ta yi ƙarfi. Wannan yana yiwuwa ne in mafitar ruwan zafi tana ƙasan tanki, don haka a faɗa wa mai haɗawa tun farko.

Yawancinsu suna zuwa da ƙaramar hitar lantarki a cikin tanki, mai kilowat 1.5 ko makamancin haka, don ranakun hazo da marka. A yi mata makunni nata daban a cikin gida, a bar ta a kashe. In aka bar ta a kunne, wuta ta zo da dare ta dafa ruwan, gari ya waye rana ta tarar babu aikin yi, mita kuma tana gudu kamar da.

Ƙura ma tana da nata. Watannin da kuka fi buƙatar na'urar su ne watannin da ƙura ke lulluɓe gilashi. A goge da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya a mako, da sassafe. Mai gogewa ya leƙa gindin kowane bututu: akwai wani shafi mai ƙyalli launin azurfa. In ya koma fari fat, iska ta shiga, bututun ya mutu ko bai tsage ba, a canja shi. Ranakun da hazo ya yi kauri har ana iya kallon rana da ido, ruwan ɗumi-ɗumi za a samu, ba mai zafi ba. Wannan ba shi da magani, kada a rushe murhu.

Haɗarinta kuma na gaske ne. Da bazara ruwan yana haura digiri 80, alhali mai digiri 60 ma yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta yaro kuma ta fi saurin ƙuna. Gidan da ke da yara a sa bawul mai sirkawa da kansa a bakin fita, ko a ɗaga famfon zafi inda hannunsu ba ya kaiwa. Daga Maris a rufe rabin bututun da buhu ko tamfol. Ɗan bututun da ke tsaye a saman tanki na fitar da tururi ne, kada wani ya ga yana ɗiga ya toshe shi. In an yi tafiya an bar ruwa ya daɗe yana ɗumi-ɗumi, a bari ya yi zafi sosai ya wuce digiri 60, a zubar da na farko, domin akwai ƙwayar cutar huhu da ke hayayyafa a ruwa mai digiri 20 zuwa 45. Ba kuma ruwan sha ba ne.

Na'urar da ɗanku ya gani a waje

Ina jin wadda masu sayarwa ke kira heat pump yake nufi. Kwamfuresa ce irin ta firji, tana zuƙo zafin da ke cikin iska ta zuba shi a ruwa. Duk yunit ɗaya da ta ci tana ba da zafin yunit 3 ko fiye, wato gida mai yunit 5 zai koma ƙasa da 2. Gaskiya ɗanku ya faɗa, a Japan da Ostiraliya da Turai ta samu karɓuwa ƙwarai, kuma iskarmu mai ɗumi ta fi tasu dacewa da ita. Matsalar ita ce tana ɗumama ruwa a hankali, tana son wuta ta awanni a jere mai ƙarfi daidai, kwamfuresa kuma ba ta shiri da wutar da ke hawa da sauka. Ga tsada, ga kayan gyara sai an aika Legas. Na yarda da ita ga otal ko asibiti mai tsayayyar wuta da mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a kusa. Ga gidajen unguwa a Funtuwa, lokacinta bai yi ba tukuna.

Akwai hanya ta uku ga wanda ya riga ya sa farantan sola na lantarki masu yawa. Da tsakar rana batir ya cika, farantai suna zaman banza. Ana iya sa hitar bango mai ƙaramin ƙarfi ta riƙa aiki a wannan lokacin kaɗai, da agogo mai kashe ta kafin la'asar. Amma kada a bar hita ta ja daga batir da dare, kashe batir ne da gangan. Sayen farantai musamman don ruwan zafi kuma sai an yi lissafi, domin farantin lantarki kashi 20 cikin 100 na hasken yake kamawa, na'urar ruwa kuwa kusan 50.

Abu biyu nake roƙon ƙungiyarku ta yi wa'azi a kansu ko ba a sayi komai ba. Hitar nan da ake tsomawa a bokiti, wadda wayarta ta sha faci, ana sa hannu a ji ko ruwa ya yi: ta kashe mutane. Sai hitar gas ko kaskon gawayi a rufaffen banɗaki, hayaƙinsu ba ya wari, mutum sai dai ya ji jiri ya faɗi.

Gidajen da ba su da tankin sama

Na tabbata cikin 40 ɗin akwai masu sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Su wannan na'ura ba tasu ba ce, kuma kada a sa su jin an bar su a baya. Jarka da aka shafa wa baƙin fenti, a ajiye ta a rana inda iska ba ta bugu, zuwa la'asar ruwan ya yi zafin wanka. A shigar da ita ɗaki tun rana ba ta faɗi ba, a sa a kwali ko buhu, a cusa auduga ko ƙaiƙayi a kewaye (ku da kuke garin auduga ba sai an koya muku ba). Da safe ba za ta yi zafi ba, amma ta kashe sanyin, itace kaɗan zai ƙarasa. Haɗe da murhu mai tattalin itace, kuɗin ya ragu sosai ba tare da bashi ba. Wata hanyar ita ce na'ura babba guda a masallaci ko a bakin rijiyar burtsatsen unguwa, da mutum ɗaya da aka ɗora wa kula da ita.

Gidan da ake jego shi ya fi kowa cin itace, kwana 40 ana tafasa ruwa safe da yamma. Sola za ta rage wannan nauyi ƙwarai. Sai dai kada samun ruwan zafi a sauƙaƙe ya sa a ƙara wa mai jego zafi. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da tsananin zafin wanka da gasa jiki da yawan kunun kanwa. Yawan zafin da ya dace maganar ungozoma ce da likita, ba ta injiniya ba.

In za ku saya tare

Haɗa kai yana da amfani, amma ragin farashi shi ne ƙaramin amfaninsa. Babban shi ne a sayi iri ɗaya, bututu mai awo ɗaya, ta yadda kwali guda na bututun ajiya da robobin da ke toshe bakin bututu zai ishi unguwa duka, mai aikin famfo ɗaya kuma ya ƙware a kanta. Ku sa cikin yarjejeniya cewa mai aikin famfo na unguwarku zai tsaya a yi komai a gabansa, a koya masa cire bututu da mayarwa da wanke tanki. Ku leƙa cikin butocin da kuke dafa ruwa: in farin ɓawo yana kama su da sauri, haka zai kama cikin na'urar, sai an riƙa wanke ta duk shekara.

Ƙasashe biyu sun isa misali. Afirka ta Kudu ta sa wa kanta burin na'ura miliyan ɗaya zuwa 2014, aka yi ta ɗora wa gidajen talakawa kyauta. Ba a kai rabi ba, kuma an yi ta kuka da aikin gaggawa da rashin masu gyara. Tunisiya kuwa a 2005 ta fito da tsarin PROSOL: gwamnati ta biya wani kaso, banki ya ba da rancen sauran, magidanci ya riƙa biya kaɗan-kaɗan ta takardar wutarsa tsawon shekara 5, kuma sai kayan da aka tantance da masu haɗawa da aka amince da su. Nasu ya ɗore. Ku ba ku da kamfanin wuta da zai karɓar muku, amma kuna da adashi, kuma yana yin wannan aikin. A ware ɗan kaso daga kowane zubi don asusun gyara.

Kafin taro na gaba, a zaga gida-gida a rubuta bokiti nawa ake ɗumamawa, da me, da wane lokaci, akwai tankin sama ko babu, gidan na mai shi ne ko haya. Matan gida za a tambaya, su ne ke tashi hura wuta, maigida sau da yawa bai san adadin ba. Ɗan haya kada ya saya sai sun rubuta da mai gida wa zai biya, wa zai ɗauka ranar tashi.

Ban ga rufinku ba, ban ga hasumiyoyinku ba, kuma daga nesa ba a auna waɗannan. Ku samu wanda ba shi da abin sayarwa ya zaga ya duba gidajen da lissafinsu ya fita. Daga cikinsu ku zaɓi 3 masu bambancin girma, a sa musu a watan Oktoba, a riƙe wani kaso na kuɗin mai sayarwa har sai an yi gwajin magariba da asuba a tsakiyar Janairu. Kowane gida ya rubuta zafin safe da abin da ya kashe a itace ko mita. A Maris ku zauna da waɗannan takardu ku yanke shawarar sauran gidajen. In mai sayarwa ya ce ragin sai an sayi 40 a take, ku nemi ya rubuta farashin rukuni na biyu tun yanzu, ko ku tambayi wani shagon.